Ɗan Daudu Tsakanin Dariya da Doka: Sharhi a Kan Littafin Rudolf Gaudio

Gabatarwa

Kowane Bahaushe ya san ɗan daudu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka yi tunani a kansa. Mun san shi a bakin tashar mota yana juya kaji cikin mai, mun san shi a gidan biki yana shewa yana tafa hannu, mun kuma san shi a finafinan bidiyo inda ake kwaikwayon tafiyarsa domin a ba mu dariya. Sunansa ma ya zama zagi: yaron da ya cika zama cikin mata, ko wanda ya fi yayyensa mata iya tuƙin tuwo, da wannan suna ake tsawata masa. Duk da wannan sabo, abin da aka rubuta a kansa da harshen Hausa bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan nazarin da ke akwai baƙi ne suka yi shi, da harsunansu, domin masu karatun ƙasashensu.

A shekarun nan batun ya dawo mana ta wata ƙofa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya suna maganar tallafa wa mata masu sauya jinsi, wato mutanen da aka haifa da siffar maza amma suke ɗaukar kansu mata, suke kuma neman a zauna da su a haka. Gwamnatocin yankinmu kuma suna mayar da martani da dokokin hani. Kowane ɓangare in ya waiwayo ƙasar Hausa, ɗan daudu yake nunawa da yatsa, wannan ya ce ga wanda nake karewa, wancan ya ce ga wanda nake yaƙa. Shi kuwa ba a tambaye shi ba.

Wannan maƙala za ta dubi littafin da ya fi kowane ƙoƙarin tambayarsa, ta auna shi da ma'aunin mai karatu na Adar da Majiya, wato mutumin Madawa da Buza da Keita, wanda ƴaƴansa ke tafiya ci-rani irin biranen da littafin ya yi magana a kansu.

Littafin da mai shi

Sunan littafin Allah Made Us, ma'ana Allah ne ya yi mu. Ya fito a shekarar 2009, kuma marubucinsa, Rudolf Pell Gaudio, Ba'amurke ne masanin harshe da al'adun al'umma, wanda ya fara bincikensa a Kano daga farkon shekarun 1990, ya ci gaba da komawa har bayan ƙaddamar da shari'a a jihar. Ba shi ne ya fara taɓa batun ba. Renée Pittin ta ambaci ƴan daudu a nazarinta na gidajen mata a birnin Katsina. Fremont Besmer ya kawo su a littafinsa na 1983 a kan borin Kano. A wannan shekarar kuma Gerald Kleis da Salisu Abdullahi suka wallafa maƙalar da ta dubi daudu a matsayin gurbin neman abinci tsakanin duniyar maza da ta mata. Abin da ya bambanta Gaudio da su shi ne ya ji Hausa, ya zauna da mutanen shekara da shekaru, ya naɗi hirarsu, sannan ya gina littafinsa a kan yadda suke magana.

A nan ƙarfin littafin yake. Mai karatu zai ga ɗan daudu a matsayin gwanin harshe, wanda ya riƙe karin magana da habaici da gatse irin waɗanda aka san mata da su, yake kuma sarrafa su da saurin da ke sa abokin faɗa ya rasa ta cewa. Zai ga yadda suke kiran juna da sunayen mata, suke cewa «ke» a tsakaninsu, sannan su koma «kai» idan baƙo ya shigo. Zai ga cewa da yawansu masu salla ne da azumi, masu burin zuwa Makka, wasu sun je sun kuma zauna a Jidda suna sana'ar abinci. Malamin Hausa da ke koyar da salon magana zai tarar a nan da wata taska da littattafanmu na makaranta suka tsallake, domin kunya.

Suna da mai suna

Babbar fa'idar littafin ga muhawarar yau ita ce takatsantsan ɗinsa wajen raɗa suna. Gaudio bai ce ƴan daudu mata ba ne. Ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ya sani suna ɗaukar kansu maza masu yin abu kamar mata, da yawansu suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida a matsayin masu gida, kuma ba sa sakin fifikon da al'ada ta bai wa namiji a kan mace. Ya kuma raba tsakanin daudu, wanda hali ne da sana'a da ake gani a fili, da neman maza, wanda al'amari ne na ɓoye da ake samu har ga mutanen da ba su taɓa ɗaura zani ba. Akwai inda biyun suka haɗu, akwai inda ba su haɗu ba.

Ita kanta kalmar tana da tarihi. Masu ƙamus sun ba da Daudu a matsayin kirarin Galadima, kuma masu nazarin bori sun danganta ƴan daudu da iskan nan Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta. Ko wannan dangantaka ce asalin sunan ko ba ita ba ce, ta nuna cewa abin ya daɗe a cikinmu, ya riga rediyo da talabijin da intanet, ya riga kowace ƙungiyar waje. Mai cewa Turawa suka kawo shi, da tarihin garinsu yake jayayya.

To amma mai fafutukar da ya zo daga waje ya liƙa wa kowane ɗan daudu sunan mace mai sauya jinsi, shi ma ya yi kuskure irin na wancan. Babu shakka cikin ƴan daudu akwai wanda zuciyarsa ke gaya masa shi mace ce tun yana ƙarami, wanda da zai samu hali da ya rayu a haka har ƙarshen ransa. Irin wannan mutum shi ne ya fi kusa da abin da ƙungiyoyin duniya ke nufi, shi ne kuma ya fi kowa shan wuya, domin ba ya iya tuɓe halinsa ya rataye kamar riga idan zai shiga kasuwa. Akwai kuma wanda talauci da maraici suka kai shi gidan mata yana yaro, ya koyi girki, ya tashi da sana'ar da maganarta. Wanda ya tara waɗannan duka cikin buhu ɗaya ya ɗaure da kalmar aro, ya sauƙaƙa wa kansa rubuta rahoto ne kawai.

Inuwar da aka sare

Idan ana maganar tallafi, ya kamata a fara da tambayar wa ke tallafa wa ɗan daudu kafin zuwan masu fafutuka. Littafin ya ba da amsa, ko da yake bai tattara ta a babi ɗaya ba. Yaron da aka kora daga gida, ko ya gudo saboda duka da gori, yakan samu wani babba cikin ƴan daudu ya ɗauke shi, ya zama uwa gare shi, shi kuma ya zama ƴa. Uwar ce za ta koya masa sana'a, ta ba shi wurin kwana, ta tsaya masa idan ya shiga hannun hukuma. Akwai ƙawaye, akwai adashi, akwai biki da ajo inda kowa ke kawo gudummawa da sanin cewa ranar tasa za a mayar masa. Akwai gidan mata da magajiyarsa, akwai dandalin bori. Wannan tsari ba shi da ofis ko takarda, amma ya ciyar da mutane, ya yi jinyarsu, ya binne su.

Ba za a ɓoye ba, cikin wannan inuwa akwai ƙaya. Wasu ƴan daudu kawalai ne, suna cin abinci daga haɗa maza da mata masu zaman kansu, kuma yaron da ya shiga hannun uwa marar imani yana iya zama bawa. Gaudio bai musanta wannan ba. Sai dai abin da tarihi ya nuna shi ne, da aka tashi gyara, inuwar aka sare gaba ɗaya, ba a dasa komai a gurbinta ba.

A watan Oktoba na 1999 gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jihohi goma sha ɗaya na arewacin Najeriya kuma suka bi sahu. A shekarar 2000 jihar Kano ta kafa dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi hukunci ga namijin da ya kwaikwayi mata a shiga ko a ɗabi'a. An rufe gidajen mata, masu gidajen haya sun kori waɗanda ake zargi, bukukuwa sun koma ɓoye. Gaudio ya bi wasu daga cikin mutanensa har kewayen Abuja inda suka yi gudun hijira. A watan Agusta na 2007 aka kama mutum 18 a Bauci, aka gurfanar da su, tuhumar kuma ta koma ta yin shigar mata.

Guguwar ba ta tsaya a kan iyaka ba. Mata masu zaman kansu da aka koro daga jihohin shari'a sun tsallako Nijar. A watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka tayar da tarzoma don nuna ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya a Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi sun afka wa mashaya da gidajen mata da harabar coci, sun kuma ƙone gidan Iya, wadda a al'adar Katsinawan Maraɗi ita ce uwar ƴan bori. Barbara Cooper ta yi nazarin wannan tarzoma a 2003, ta nuna cewa fushin talauci da rashin aikin yi ne aka sauke a kan matan da ba su da mai tsaya musu. Duk inda aka ƙone gidan mata, an ƙone murhun wani ɗan daudu, ko da jarida ba ta ambace shi ba.

Inda littafin ya gaza

Laifi na farko yana kan bangon littafin. Ƙaramin sunan da aka saka masa a Turance ya kira mutanen da masu karya dokar jima'i a wani birnin Musulunci na Afirka. Wannan suna na iya jawo mai saye a Amurka, amma a nan ya tabbatar da zargin da cikin littafin ke ƙoƙarin warwarewa, wato cewa daudu da alfasha abu ɗaya ne. Mai soya kaji da ke tashi da asuba ya hura wuta, ya biya kuɗin makarantar ƙannensa, bai ga kansa a wannan suna ba.

Na biyu, marubucin ya buga wasu kalmomin sirri da mutanen ke fahimtar juna da su. Ya sauya sunayensu don kare su, wannan ya kyauta. Amma kalmar da ta shiga littafi ta daina zama sirri, kuma shekaru biyar bayan fitowarsa, a watan Janairu na 2014, Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga mai shiga ko tallafa wa ƙungiyar irin waɗannan mutane. Ba za mu maimaita kalmomin a nan ba.

Na uku shi ne ya fi shafar mu. Littafin na birni ne. Ya tarbi ɗan daudu a Kano, bai raka shi ƙauyensu ba. Alhali da yawansu baƙi ne a birnin, sun baro wani gari inda suke da uwa da uba da gona. Mutumin Madawa, wanda garinsa ke kan babbar hanyar da ta haɗa Ƙwanni da Maraɗi, kuma iyakar Najeriya ke kudu da shi kaɗan, ya san cewa ci-rani ba neman kuɗi kaɗai ba ne. Wani yana tafiya ne domin garinsu ya yi masa ƙunci. Yana aiko da kuɗin hatsi a shekarar fari, ana karɓa, ba a tambayar daga wace tukunya suka fito. Ranar da ya dawo da ciwo ko tsufa, a nan ake sanin ko yana da dangi. Wannan rabin labarin babu shi a littafin. Babu kuma muryar uwar da ta haife shi, ko ta matar da ya aura, ko ta mai tuwo-tuwon da suke gasar ciniki a tasha ɗaya. Ko borin da ya ambata na Kano ne. Da ya leƙa aikin Nicole Echard na 1989 a kan borin Adar da Kurfai, da ya ga yadda bori ke zaune cikin rayuwar manoma, nesa da bariki.

Ƙasarmu ma tana da wani darasi da zai ƙara wa littafin haske. Lokacin da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, maza da yawa suna ci-rani. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin, suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako, suka dasa itatuwa. Aikin da aka sani na maza ne suka yi, duniya ta yaba musu, mu ma muka yi alfahari da su. Macen da ta yi aikin maza mukan ce jaruma ce, mukan ce mace mai kamar maza. Namijin da ya yi aikin mata kuwa mukan ce ya lalace. Mai tunani zai tambayi kansa: shin ɗan daudu muke rainawa, ko aikin iyayenmu mata da muryarsu da tafiyarsu muke rainawa, har muke ganin namijin da ya ɗauke su ya faɗo daga sama?

Dariyar dandali

Gaudio ya keɓe babi ga finafinai, inda ya tattauna fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na 2002, wanda marigayi Rabilu Musa ya fito a cikinsa. Wannan babi ya kamata ƙungiyoyinmu na wasan kwaikwayo su karanta da idon basira, domin abin da ya faɗa a kan Kano ya shafi kowane dandali daga Tawa zuwa Damagaram. Ɗan daudu a wasanninmu ba mutum ba ne, kayan yaji ne. Idan wasa ya yi sanyi sai a shigo da shi, ya karairaya, ya yi fari da ido, ƴan kallo su fashe da dariya, sannan a ƙarshe a kore shi ko a sa shi ya tuba cikin minti biyu. Ba a taɓa nuna shi yana lissafin ribar yini, ko yana zaune a bakin gadon mahaifiyarsa a asibiti.

Al'adarmu ba ta rasa wasan sauya kama ba. A tashen watan azumi ƴan mata na yin wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ke saka riga da hula ta fito a matsayin miji, manya kuma su ba da sadaka suna murmushi. Kowa ya san wasa ne, an gama a tuɓe. Bambancin shi ne, wanda ake kwaikwaya a dandali yana nan a gari bayan an watse, kuma yaran da suka yi dariya da dare su ne za su bi shi da jifa da safe. Marubucin wasa yana da ƴancin ya soki daudu idan haka ya gani. Abin da fasaha ba ta yarda da shi ba shi ne ya yi shekara talatin yana cin abinci da mutum, bai taɓa ba shi jimla ɗaya ta gaskiya ya faɗa ba.

Kayan aro

Masu fafutuka suna da hujjoji a hannunsu. A 2014, a zamanta na Luwanda, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275, wanda ya yi kira ga ƙasashe su hana duka da kisa da kamun zalunci da ake yi wa mutane saboda jinsin da suke ɗaukar kansu ko wanda ake zarginsu da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Kuma haɗarin da suke magana a kansa ba ƙage ba ne: a watan Agusta na 2024 aka tsinci gawar wadda aka fi sani da Abuja Area Mama, mai sauya jinsi da ta yi suna a TikTok, a gefen hanya a Abuja.

Sai dai harshen da ake wannan fafutuka da shi bai sauka a kunnen Bahaushe ba. Yana zuwa da jerin haruffan Turawa, da tuta, da taron otal, sai jama'a su ji kamar wani sabon mulkin mallaka ne. Martanin kuma ya zo da ƙarfi. Mali ta saka hukunci a kundin laifuffukanta a 2024, Burkina Faso ta bi a 2025. A Nijar, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya haramta waɗannan ɗabi'u, kuma da ya tashi ambatonsu, da jerin haruffan nan na Turawa ya ambace su. Abin lura ga masanin harshe shi ne, mai karewa da mai hanawa duk rigar aro ɗaya suka saka. Cikin jerin har da mata-maza, wanda halittarsa ce ta zo a haka daga cikin uwa, bai zaɓi komai ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali muna da namu ma'aunin, kuma malaman zaure sun san shi. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a makarantun ilimi na ƙasar Hausa, da hukuncin gadon mata-maza ya rufe. Fiƙihu bai kore shi daga dangi ba, kaso ya yanka masa. Game da namiji mai ɗabi'ar mata, gaskiya ne akwai hadisi ingantacce da ya la'anci maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza, kuma babu mai gaskiyar da zai ɓoye shi. Amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, wanda ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ibnu Hajar ya ƙara da cewa ana neman na farkon ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mai irin wannan hali da ya sa lalle, ya yi umarni a fitar da shi bayan gari. Da aka nemi izinin kashe shi, ya hana, domin mai salla ne. Ko a ƙasashen Musulmi na yau muhawarar ba ta rufe ba: Pakistan ta yi dokar kare masu sauya jinsi a 2018, kotun shari'ar ƙasar ta soke wasu sassanta a 2023.

Mai karatu zai ga cewa cikin waɗannan maganganu babu inda aka halatta alfasha, babu kuma inda aka bai wa ɗan unguwa izinin ɗaukar gora. Tsakanin halattawa da farauta akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili ne kaɗai za a iya yin maganar haƙƙi da Hausar da mutumin Buza zai saurara: haƙƙin rai, haƙƙin kada a doke ka ba tare da alƙali ba, haƙƙin sana'ar halal, haƙƙin a duba ka a asibiti ba tare da an kira abokan aiki su zo kallo ba, haƙƙin gado, haƙƙin sutura da salla ranar da ka mutu. Duk waɗannan kalma ɗaya ta tattara su, wadda ba mu ara daga kowa ba, ita ce mutunci.

Kammalawa

Littafin Gaudio yana da aibi, amma ya yi abin da mu ba mu yi ba, ya saurara. Abin takaici shi ne yana cikin harshen da mutanen da ya yi magana a kansu ba sa karantawa. Aikin da ya rage namu ne, kuma kashi biyu ne.

Na farko yana wuyan malamin makaranta. A firamare ko kwaleji ba a rasa yaro mai sanyin murya, wanda ba ya shiga kokawa, wanda ƴan ajinsu suka riga suka raɗa wa suna. Malamin ba alƙali ba ne, ba likita ba ne, ba a kuma nemi ya yanke hukunci a kan abin da yaron zai zama ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya zama shi ne mai fara zolayar, kuma kada ya kau da kai idan an taru a kan yaron a bayan aji. Yawancin labaran da ke ƙarewa a tashar wani birni mai nisa, daga barin makaranta suke farawa. Yaron da ya samu takardar shaida yana da zaɓi. Wanda gori ya kora yana da shekara goma sha biyu, duk wanda ya ba shi tabarma shi ne zai mallake shi.

Na biyu yana wuyan ƙungiyoyin al'adu. Masu tattara karin magana da waƙoƙin daka da tatsuniyoyi su sani cewa wani kaso na wannan dukiya yana bakin tsofaffin ƴan daudu, kuma suna mutuwa da shi. Masu rubuta wasa kuma su gwada, ko sau ɗaya, su rubuta wanda ɗan daudu ya dawo garinsu daga ci-rani bayan shekara ashirin, ba shi da lafiya, ya tarar da gidan da kuɗinsa suka gina, a bar shi ya yi magana, a bar yayansa ya amsa masa, a bar liman ya faɗi abin da littafi ya ce. Ba sai marubucin ya goyi bayan kowa ba. Ya dai ajiye tambayar a gaban ƴan kallo, irin tambayar da kowane gari zai amsa wata rana ko yana so ko ba ya so: idan ya cika, wa zai yi masa wanka, su wa za su ɗauki makararsa? Hausawa dai sun riga sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.